Faifai ɗaya, Windows iri-iri: abin da za a bar wa na'ura da abin da zai tsaya hannun mai gyara

Kwamfutocin da ake kawowa gyara a Maraɗi ba hanya ɗaya suka biyo ba. Wata ta shigo ta Kwatano cikin kayan gwanjo, wata an saro ta Kano ta biyo Jibiya da Ɗan Isa, wata kuma wani ofishi ne ya gama da ita ya sayar. Wannan kibod ɗinta na Faransa ne, waccan na Amurka. Wannan lasisin Home gare ta, waccan na Pro. Amma buƙatar masu su kusan ɗaya ce: a yi mata fomate, a sa Windows.

Sa Windows ba wuya gare shi ba, cin lokaci gare shi. Na'ura za ta tambaye ka harshe, ta tambayi kibod, ta nemi lambar lasisi, ta ce wane nau'i kake so, ta ce ka yarda da sharuɗɗa, ta ce a wane diski. Sai ta yi shiru tana kwafi, ka juya kan wani aikin, ka dawo ka tarar ta daɗe da tsayawa tana jiran ka ba ta sunan mai ita. Wanda ke yin haka kullum dole wata rana ya ce, shin ba yadda za a yi faifai ɗaya ya ɗauke dukkan nau'o'in, kuma ya riƙa amsa tambayoyin nan da kansa?

Akwai. Sai dai ayyuka biyu ne ake haɗawa a baki ɗaya. Na farko, tara nau'o'i da yawa a faifai guda. Na biyu, rubuta amsoshi tun kafin a yi tambaya. Kuma biyun suna ja da juna, domin na farko zaɓi yake buɗe maka, na biyu kuwa rufe zaɓi ne aikinsa. Duk gwanintar tana wajen sanin tambayar da za a rufe da wadda za a bari buɗe.

A zamanin Windows XP, wanda ya fito a 2001, kowane nau'i da faifansa. Home da CD ɗinsa, Professional da nasa, fayilolin kuma a zube suke ɗaya-ɗaya cikin folda mai suna i386. Mai son haɗa biyu ko uku sai ya maimaita foldojin, ya shiga cikin fayil ɗin da ke tada shigarwar ya canja sunaye da hannu, harafi bayan harafi, sannan ya nemi manhajar da ke gane fayilolin da suka maimaitu ta rubuta su sau ɗaya don su shiga. Amsoshin kuma ana rubuta su cikin winnt.sif. Harafi ɗaya ya kauce, faifan ya tashi aiki, CD kuwa in an ƙona shi an ƙona.

Windows Vista ne ya sauya wannan, da ya shiga kasuwa a farkon 2007. Maimakon dubban fayiloli a warwatse, sai aka dunƙule tsarin gaba ɗaya cikin fayil guda, install.wim, a foldar sources. Hikimar wannan fayil ita ce yana iya ɗaukar nau'o'i da yawa, kowanne da lambarsa da sunansa, amma duk fayil ɗin da nau'i biyu suka yi tarayya a kansa sau ɗaya tak ake ajiye shi. To Home da Pro na fitowa ɗaya kusan komai nasu ɗaya ne. Tuwon tukunya guda ne, miya ce ta bambanta. Shi ya sa ƙara Pro a kan Home ba ya ninka girman faifan, ɗan abu kaɗan yake ƙarawa.

Wanda ya yi aiki da Windows 7 zai tuna wani ɗan ƙaramin fayil, ei.cfg. Faifan da aka rubuta wa Home Premium a jiki, a gaskiya yana ɗauke da Home Basic da Professional da Ultimate, na 32 bit har da Starter. Wannan ei.cfg ne ke ce wa na'ura ta nuna guda ɗaya ta ɓoye sauran. Ka goge shi ka sake haɗa faifan, sai ga jerin duka a kan allo. Enterprise ne kawai ke da faifansa daban.

Daga Windows 8, a 2012, sai abu ya juya. Kamfanonin ƙera kwamfuta suka daina manna takardar lambar lasisi a ƙarƙashin laftof, suka koma binne lambar cikin BIOS, wato ɗan tsarin da ke tada kwamfuta kafin Windows, a wani teburi da ake kira MSDM. Manhajar shigarwa tana leƙa wurin tun kafin ta yi maka magana; in ta ga lambar Home, Home za ta sa, ba tambaya. Nan ne za ka ji yaron shago ya ɗago kai yana cewa, "Maigida, ba ta tambaye ni ba fa, Home ta sa, alhali Alhaji Pro ya ce." Ba laifin yaron ba ne, ba kuma faifan ne ya lalace ba. Yanzu maganin ba goge ei.cfg ba ne, ƙirƙirar shi ne: a rubuta shi a bar gurbin EditionID babu komai, a sa Retail a ƙarƙashin Channel, a jefa shi cikin sources. Sai jerin ya dawo.

Amma kafin a yi gaggawar dawo da jerin, a tsaya a yi wa Alhaji bayani. Lasisin da ke cikin kwamfutarsa na Home ne, kuma kuɗinsa na cikin kuɗin da ya saye ta. In aka sa mata Home, da ta hau intanet za ta tabbatar da kanta, shi ke nan. In aka sa Pro, lambar nan ba za ta yi aiki ba, sai ya sayi wata, ko kuma a koma ga manhajojin fashi, waɗanda ke cikin manyan ƙofofin shigar ƙwayoyin cuta. Kuma me Pro ya fi Home da shi? Shiga tsarin cibiyar ofis, cikakken BitLocker na kulle diski, Hyper-V na kwaikwayon wata kwamfuta a cikin kwamfutar, da damar a shigo kwamfutar daga nesa. Ɗan kasuwar da ke lissafi da Excel yana buga rasit ba abin da ya haɗa shi da waɗannan. A ganina, sau da yawa zaɓin da na'urar ta yi da kanta shi ne daidai.

Haɗa naka install.wim kuwa ba ya buƙatar sauke wata manhaja, DISM, manhajar da ake ba umarni a rubuce, na nan cikin Windows. Umarnin dism /Get-WimInfo zai nuna maka nau'o'in da ke cikin fayil da lambobinsu, shi kuma dism /Export-Image zai ciro wanda ka zaɓa ya zuba shi cikin sabon fayil. Ka maimaita, su jeru ɗaya bayan ɗaya. Abin lura shi ne lambobin ba na dindindin ba ne. A ISO ɗin Windows 10 na Ingilishi, wato fayil guda mai ɗauke da duk abin da ke cikin faifan, Home ne lamba 1, Pro lamba 6. Ka ciro su biyun kaɗai, Pro ya koma lamba 2. Duk amsar da ka rubuta da tsohuwar lamba ta tashi. Don haka suna ya fi lamba aminci, da sharaɗin kada biyu su yi suna ɗaya. /DestinationName ne ke ba ka damar raɗa wa kowanne nasa.

Mu nan muna da wata damuwa da mai gyara na Katsina bai cika gamuwa da ita ba: harshe biyu. Ma'aikacin gwamnati da ɗan makaranta Faransanci suke so, wanda ya yi karatu Najeriya ko yake hulɗar kasuwanci da can Ingilishi yake so. Ana iya cusa su duka cikin install.wim guda, amma ita manhajar shigarwar, wadda ke zaune cikin boot.wim, da harshenta ɗaya ta zo, kuma gwamutsawar kan jawo ta tsaya tana cewa ba ta ga takardar sharuɗɗa ba. Tarayyar fayilolin ma tana raguwa, girma ya ƙaru. Shawarata a bar kowane harshe da ISO ɗinsa. A kuma kula da nau'in da ake kira Home Single Language, wanda ke zuwa da laftof da yawa masu araha: harshen da aka sa shi da shi, da shi zai zauna, ba a canja shi daga baya. In mai ita Faransanci take so, tun farko da faifan Faransanci za a sa.

Batun 32 bit da 64 bit ba sai an daɗe a kansa ba. A tsohon BIOS, manhajar shigarwa ta 32 na iya sa duka biyun, ta 64 kuwa ba ta sa na 32. Windows 11 ma ba shi da 32 bit sam.

Sai girma. DVD na yau da kullum giga 4.7 yake ɗauka, mai hawa biyu 8.5, ISO ɗin Windows 11 kuma shi kaɗai ya haura giga 5. Yawancin laftof na yanzu ma ba su da wurin sa faifai. Saboda haka in an ce faifai yau, kile ake nufi, wato filash. Shi ma da nasa tarkon. Kwamfutocin UEFI, wato magajin tsohon BIOS, sun fi gane kile da aka yi wa fomate da tsarin FAT32 wajen tashi, shi kuma FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4. Ko dai ka tsaga install.wim gida-gida da dism /Split-Image ya koma install.swm da install2.swm, ko ka bar wa Rufus, manhajar haɗa kile, ya shirya kile ɗin da tsarin NTFS ta hanyarsa. Ko kuma ka koma Ventoy, wanda ya fito a 2020 ya sauƙaƙa rayuwar masu gyara ƙwarai: sau ɗaya ake shirya kile, daga nan sai dai ka riƙa kwafa ISO a kai kamar kowane fayil, in kwamfuta ta tashi ta jera maka su ka zaɓa.

To an gama da tarawa, sai amsawa. Fayil ɗin amsoshi sunansa autounattend.xml. In ka ajiye shi a bakin kile ko faifai, ba cikin wata folda ba, manhajar shigarwa da kanta take neman shi. Ana rubuta shi da Windows System Image Manager da ke cikin Windows ADK, wanda ke duba maka kuskure kafin ka fita da shi. Matakai bakwai gare shi, amma uku ne ke gaban mai gyara: windowsPE, inda ake zancen harshe, lasisi, nau'i da diski; specialize, inda ake ba kwamfuta suna; da oobeSystem, inda ake buɗe asusun mai ita a kuma tsallake tambayoyin ƙarshe.

Abubuwa biyu ƙanana a cikinsa sun cancanci a yi musu natsuwa, don mu suka fi shafa. Na farko kibod. Ka sa Windows na Faransanci a laftof mai kibod ɗin Amurka, tsarin zai ɗauka AZERTY ne, wato kibod ɗin Faransa, a gabansa. Hajiya ta danna A sai Q ya fito. Ta buga 1234 a matsayin kalmar sirri, abin da ya shiga a zahiri shi ne &é"' domin a AZERTY sai an riƙe Shift lambobin sama ke fita, kuma ba ta gani ba tunda ɗigo-ɗigo allon ke nunawa. Ranar da wani ya gyara mata kibod ɗin, ranar kwamfutarta za ta ƙi buɗuwa da lambar da ta tabbata ita ta sa. A gurbin InputLocale ana iya rubuta fr-FR;en-US, duka biyun su shiga, na farkon ya zama shi ne na kullum. Na biyu agogo. In aka bar shi kan lokacin Paris, ba wanda zai lura a lokacin sanyi, don daidai yake da namu. Ranar Lahadin ƙarshe ta Maris sai agogon ya yi tsallen awa ɗaya gaba, ya zauna haka har ƙarshen Oktoba, a yi ta ɗora wa ɗan batirin cikin kwamfuta laifi. Layi ɗaya ne maganinsa: a rubuta W. Central Africa Standard Time a gurbin TimeZone.

Yanzu ga inda ayyukan biyu ke karo. A matakin windowsPE akwai gurbin InstallFrom, inda ake rubuta /IMAGE/NAME ko /IMAGE/INDEX. Ka cike shi, jerin nau'o'in da ka sha wahalar tarawa ya ɓace, kullum guda ɗaya za a sa. Haka in ka rubuta lambar lasisi a ProductKey, ko da irin lambobin gama-gari ne da ke zaɓar nau'i kawai ba sa tabbatar da lasisi. Hanya mafi sauƙi ita ce a bar waɗannan guraben, na'ura ta tsaya ta yi wannan tambaya ɗaya, ko ta bi lambar da ke cikin BIOS. Hanya ta biyu, a rubuta fayil ɗin amsa daban ga kowane nau'i, a yi ɗan jerin zaɓi da ke kiran setup.exe /unattend: da fayil ɗin da ya dace. Da can sai an buɗe boot.wim an gyara startnet.cmd ko winpeshl.ini kafin a samu haka. Ventoy ya ɗauke wannan wahalar: cikin ventoy.json, ƙarƙashin auto_install, za ka haɗa ISO guda da fayilolin amsa da yawa, in ka zaɓi ISO ɗin sai ya jera maka su, har da zaɓin shiga ba tare da ko ɗaya ba.

Tambayar da nake roƙon kowane mai gyara kada ya miƙa wa na'ura ita ce ta diski. A fayil ɗin amsa akwai DiskConfiguration, a cikinsa akwai WillWipeDisk. In ka rubuta masa true ka ba shi DiskID 0, to duk abin da ke kan diski mai lamba 0 ya tafi, ba gargaɗi, ba "ka tabbata?", cikin daƙiƙoƙi. Yawancin fayilolin amsa da ake samu a shirye a intanet haka aka rubuta su, domin an yi su ne don ofisoshin da ke sayen sababbin kwamfutoci iri ɗaya babu komai a ciki. Shagonmu ba haka yake ba.

A ɗauka ɗalibi ne daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ya kawo laftof, ya ce, "Malam, C kaɗai za a wanke, kundina na kammala karatu yana D." A wurinsa C da D wurare biyu ne. A wurin na'ura kuwa sau da yawa diski ɗaya ne aka raba biyu, kuma WillWipeDisk bai san C ba bai san D ba, diski ya sani. Ko a ɗauka laftof mai diski biyu, ƙaramin SSD na Windows da babban diski na ajiya. Ba wata doka da ta ce SSD ɗin ne lamba 0. Ya danganta da ramin da kowanne ke ciki da yadda na'urar ta lissafa su. Sai a wayi gari an share hotunan biki da takardun shekaru, an zuba Windows a kansu, shi kuma SSD ɗin yana nan ba a taɓa shi ba. Abin da aka goge kawai ana iya sa ran ceto wani abu daga ciki, amma abin da aka rubuta sabon tsari a kansa, mafi yawansa ya tafi ke nan.

Ga kuma haɗarin kile ɗin kansa. Kile mai irin wannan fayil, in aka manta shi a jikin kwamfutar da aka saita ta fara tashi daga USB, ba ya buƙatar kowa ya danna komai. An ɗauke wuta da zafin rana, an dawo da ita, wani ya kunna kwamfutar tebur, ta tashi daga kile ta fara shara. Ko a tsakiyar shigarwa ma, in ta sake tashi karon farko ta koma kan kile, sai ta goge abin da ta kwafa ta fara daga farko, ta yi ta zagaye.

Ko ba don asara ba, tsarin rabon diski guda ba ya yi wa kwamfutocinmu duka. Tsohuwar da ke tashi da BIOS tana son tsarin rabon da ake kira MBR. Ta UEFI tana son GPT, da ɗan yankin EFI na FAT32, da yankin MSR na mega 16, sannan na Windows. Fayil ɗin da aka rubuta don ɗaya zai tsaya da kuskure a ɗayar, kuma yakan tsaya ne bayan ya riga ya share diskin. In ka cire DiskConfiguration da InstallTo gaba ɗaya, na'ura za ta nuna maka allon diski, ka duba da idonka, ka zaɓa, daga nan ta ci gaba ita kaɗai har ta kai ka kan tebur. Abin da ka kashe bai wuce minti ɗaya ba.

Inda cikakken sarrafa kai ke da wuri shi ne ɗakin kwamfuta na makaranta, ko siber, ko ofishin da ya sayi na'urori iri ɗaya, diski ɗaya kowacce, ba ajiyar kowa a ciki. A nan kam a bar ta ta share. Amma a ware wa wannan aiki kile nasa daban, a naɗa masa jan salatif, a ajiye shi inda hannun yara ba ya kaiwa.

Sauran abubuwan ƙari ne masu amfani. Laftof da yawa masu Intel na ƙarni na 11 zuwa sama ba sa nuna diski ko ɗaya a allon shigarwa sai an ba su direban Intel RST. In ka zuba shi cikin folda mai suna $WinPEDriver$ a bakin kile, manhajar za ta ɗauka da kanta. Gurbin FirstLogonCommands kan sa manhajojin da kowa ke buƙata da zarar an shiga karon farko. Buɗe asusun cikin gida a fayil ɗin amsa yana raba ka da matsin Windows 11 na sai an hau intanet an shiga asusun Microsoft, abin da ke cin data da lokaci ga mai aiki da intanet ɗin waya. Sai dai kada a rubuta kalmar sirri ta gaske a ciki. Ko da an ga kamar an rikita ta, base64 ne kawai, kowa na iya warware shi nan take.

Faifan da wani ya riga ya haɗa, mai taken duka-a-ɗaya kuma an tabbatar da lasisi tun daga ciki, wanda ake yawo da shi daga kile zuwa kile, ban yarda a sa wa mutum shi ba. Ba ka san abin da aka cusa ba, ba ka san abin da aka kashe ba, mai kwamfutar kuma amanar kuɗinsa da sirrinsa ya ba ka. ISO na asali kyauta ake sauke shi daga Microsoft, haɗawar kuma ka ga ba ta gagari kowa ba.

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10, shi kuma Windows 11 yana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da RAM giga 4 da diski giga 64, ga kuma jerin furosesa da ya yarda da su, wanda ya bar kwamfutocin gwanjo da yawa a waje. Ga irin waɗannan yana da kyau a ajiye ISO ɗin Linux a kile guda ɗin. Shi ma yana da nasa fayilolin amsa: preseed a Debian, kickstart a Fedora da Red Hat, autoinstall a Ubuntu, kuma Ventoy na karɓar su ta ƙofar auto_install ɗin nan. Dokar diski ba ta canja ba a can.

Duk fayil ɗin amsa da aka rubuta ko aka gyara, a fara gwada shi cikin VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon kwamfutar gwaji a cikin taka, sau ɗaya da BIOS, sau ɗaya an kunna EFI, a kuma maƙala wa na'urar gwajin diski na biyu mai ƴan fayiloli a ga ko za su tsira. A maimaita gwajin duk lokacin da aka sauko da sabon ISO, don sunaye da lambobi da tambayoyin ƙarshe kan sauya daga fitowa zuwa fitowa. In shigarwa ta tsaya da kuskure, Shift da F10 na buɗe tagar umarni, kuma setupact.log da setuperr.log da ke X:\Windows\Panther za su nuna maka layin da ta yi tuntuɓe a kansa.